Tsayuwar da Bahago Ya Koyar

Yaran yanzu mai aski kawai suka san Bahago. Sai waɗanda furfura ta fara yi wa sallama ne za su gaya maka cewa an yi zamanin da in ya ɗauki sandar sunuka, wasan jefa ƙwallaye rami a kan tebur, a babban gidan wasa na bakin tasha, masu shayi kan bar tukunya a kan wuta su zo kallo. Ba ƙarfin bugu ne ya fitar da shi ba, tsayuwa ce. Yakan tsaya a miƙe a bayan farar ƙwallo, ya dubi wadda zai buga, ya dubi rami, sannan ya ɗora ƙafar hagu daidai kan layin da idonsa ya gani, ya zura ta dama gaba, ya sunkuya har haɓarsa ta shafi sanda. In ya sunkuya, magana ta ƙare.

Yana da aboki a wancan lokaci, wanda yanzu kowa ke kira Manaja. Tare suka tashi, ɗaki ɗaya suka yi haya, kuma Bahago ne ya koya masa riƙe sanda, yana dafa masa ƙugu yana tura masa ƙafa da tasa. Wasan bai karɓi abokin sosai ba, sai ya koma alƙalanci.

Aka zo wasan ƙarshe na wata babbar gasa, wanda ya ci shi za a tura ya wakilci gari. Bahago ne da ɗan mai gidan wasan, abokin nan kuma shi ne alƙali. Baƙar ƙwallo kaɗai ta rage, fara kuwa ta je ta tsaya inda hannu ba ya kaiwa. Bahago ya kwanta a kan tebur, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya kuma ya kafe yatsunta a ƙasa, don dokar wasa ta ce dole ƙafa ɗaya ta taɓa ƙasa. Ya buga, baƙa ta faɗa rami, ɗaki ya ɗauki ihu. Sai alƙali ya ɗaga hannu.

"Laifi ne. Ƙafafunsa biyu duk sun bar ƙasa."

Shi kaɗai ne a wannan gefen tebur, babu wanda zai ƙaryata shi. Bahago kuwa har lokacin yana jin zafin siminti a babban yatsansa. Ya dubi abokinsa, abokin ya kawar da kai. Bai san sa'ad da hannunsa ya tashi ba, sai ƙarar mari aka ji. Aka ba ɗan mai gida kofi, aka hana Bahago shiga gasa har abada. Shekara ba ta zagayo ba alƙali ya zama manajan gidan wasan, ya kuma auri 'yar mai gida.

Bahago ya buɗe shagon aski a wani lungu bayan kasuwa: kujera biyu, madubi mai tsagewa a kusurwa, da benci na masu jira. A ɗakin baya ya ajiye wani tsohon tebur da ya saya a gwanjo, gajere, ramukansa sun buɗe baki saboda tsufa. Yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, tana zaune a gidan da ke manne da shagon. Ita kaɗai ke iya ambaton Manaja a gabansa, ita ma sai ta ga fuska.

Shekaru suka tura. Wata ranar Talata da hantsi, shago babu kowa, wani saurayi dogo ya yi sallama, da jakar sanda a kafaɗa. Tun kafin ya faɗi ko shi wane ne Bahago ya gane shi. Goshin ubansa ne, da yadda yake karkata kai in zai yi magana.

"Kawu, ba aski na zo ba. Wurinka aka turo ni. Tsofaffin gidan wasanmu sun ce in dai maganar tsayuwa ce, babu kamarka."

"Gidan wasanku?"

"Babana ne manaja."

Bahago ya ci gaba da goge kilifa da buroshi. "Ya san ka zo?"

"Bai sani ba. Na taɓa tambayarsa kai, ya ce kun yi zamani, ya sauya magana."

Saurayin ya fito da waya, ya nuna masa wani tsarin saiti da ya koya a bidiyo. Kana raba ƙwallon da za ka buga a ido, rabi da kwata da gefe, ka daidaita tsakiyar fara da ɗaya daga ciki, layin rami ya fito maka. Yana bayani yana zana layi a iska da yatsa, layi kaza ya haɗu da layi kaza. Wani direba da ya shigo aski a daidai lokacin ya ce, "Kai, wannan ai Mai Layi ne," sunan kuwa ya bi shi.

"Ina ganin layin sarai in ina tsaye, Kawu. Da na sunkuya sai ya ɓace. Ga gasa tana zuwa bayan damina, Baba ya riga ya cika baki a gaban mutane cewa kofin bana a gidansa zai kwana."

Bahago ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, abin da ya daɗe a kwance. Ya ajiye buroshi, ya ɗaga labulen ɗakin baya.

"Shigo in ga bugunka."

Yaron yana da ido, wannan babu ja. Hannunsa ma mai laushi ne. Amma yana ɗaga kai kafin sanda ta gama tafiya, yana damƙe ta kamar mai riƙon taɓarya, ƙafafunsa kuma duk inda suka faɗi nan ya bar su. Gyaran wata biyu ne, ya zama abin tsoro. Bahago ya tsaya yana kallon bayansa, yana tuna wani bayan da ya taɓa dafawa haka.

"Zan koya maka," in ji shi. "Amma da sharaɗi. Ba za ka taɓa wani tebur ba sai wannan, har tsayuwar ta zauna a jikinka. Tsayuwa kamar ɗanyen siminti ce, in aka taka kafin ta bushe, sawun ya zauna ke nan."

Mai Layi ya yarda da murna.

Bahago bai yi masa rowar komai ba, sai abu ɗaya. Ya hana shi ɗaga kai, yana ɗora masa tafin hannu a ƙeya har sai ƙwallo ta tsaya. Ya sassauta masa riƙo. Ya koya masa ya gama saitinsa yana tsaye, kada ya sake neman layi bayan ya sunkuya. Amma da aka zo kan ƙafar dama, wadda ita ce ya kamata na-dama ya ɗora a kan layi, sai Bahago ya sa tasa ƙafar ya tura ta waje kaɗan. Bai fi faɗin tafin hannu ba.

"Nan ne gidanta. Kullum nan."

Ya san abin da hakan zai haifar. In ƙafa ta kauce, ƙugu ya bi ta, kafaɗa ta bi ƙugu, sanda ta riƙa shiga a ɗan karkace. A gajeren tebur mai manyan ramuka babu mai lura, ƙwallo za ta shafi baki ta faɗa. A dogon teburin gasa mai matsattsun ramuka kuwa, duk bugun nesa sai ya ci baki ya dawo.

Mai Layi yana aiki a wani shagon gyaran firji. Kullum da ya tashi da la'asar sai ya zo, ya share ɗakin baya, ya goge ƙwallaye, ya yi ta shiga bugu yana fita. Bahago ya shata masa wurin ƙafa da alli a siminti. Wasansa ya gyaru ƙwarai, don gyaran kai da na riƙo na gaskiya ne. Masu jiran aski suka fara leƙawa suna tafa masa.

Yaya ce ta fara shan jinin jikinta. Ta kawo wa ƙanenta shayi wata yamma bayan yaron ya tafi, ta tsaya a bakin labule tana kallon zanen allin.

"Ni dai tun da nake ban taɓa ganin kura tana yi wa ɗan akuya tausa ba. Me kake ƙullawa?"

"Koyarwa nake, Yaya."

"Ni na yi maka wanka, kar ka yi mini wannan fuskar. Rabon da in ji kana fito tun kana saurayi, yanzu kullum sai fito kake. Yaron nan me ya yi maka?"

"Ni me na yi wa ubansa?" Muryarsa ta sauya. "Ɗaki ɗaya muka kwana. Rigata ya sa ya je neman auren da ya yi. Rama cuta ga macuci ibada ne."

"Ga macuci aka ce, ba ga ɗansa ba."

"In kana son ka taɓa mutum, ka taɓa inda yake jin zafi."

Ta ajiye kofin da ƙarfi har shayin ya fantsama. "To, in za ka gina ramin mugunta dai ka gina shi gajere." Ta fita.

Ana saura 'yan kwanaki gasa, Bahago ya sallami yaron ya je ya gwada manyan tebura. Washegari da rana tsaka wata farar mota ta tsaya a bakin lungu. Manaja ne ya fito. Ya yi tumbi, gashin gaba ya zube. Ya jira har mutumin da ke kan kujera ya biya ya fita, sannan ya shigo ya tsaya, bai yi sallama ba.

"Na ga tsayuwar yarona."

"Aski ko gyaran fuska?"

"Kar ka raina mini hankali. Kai ka koya mini inda ake sa ƙafa. Kallo ɗaya na yi masa na gane. Na ce ya dawo da ita kan layi, ya ce Kawu ya ce nan ne gidanta. Ni da ɗana, yana gaya mini Kawu ya ce!"

Bahago ya karkaɗe ƙyallen aski, ya ninke shi a hankali.

"To ka gaya masa cutarsa nake yi mana."

"Na gaya masa. Ya ce don me za ka cuce shi, me ya haɗa ku."

"Tambaya mai kyau. Sai ka ba shi amsa." Bahago ya matso har suna jin numfashin juna. "Ka zaunar da shi ka ce, ɗana, mutumin nan yana da dalili. Ƙafarsa tana ƙasa ranar, na gani da idona, na ce ba ta ƙasa. Da wannan ƙaryar na sami ofis, da ita na sami uwarka. Kana faɗa zai yarda da kai, ya gyara ƙafarsa, har yanzu da sauran lokaci. Yaron yana da kai, kwana kaɗan ya ishe shi."

Gumi ya tsattsafo wa Manaja a saman leɓe.

"Abin da ya wuce ya wuce. Mun tsufa, Bahago."

"A wurinka ya wuce."

"In wani abu kake so, ka faɗa. Ana neman mai horarwa a gidan wasa, zan sa a ɗage maka hukuncin."

"Ba ni nake neman abu ba yanzu, kai ne. Ga ɗanka, ga sunanka. Ɗauki ɗaya."

Manaja ya juya ya fita, har yana tuntuɓe da benci. Bahago ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Rabonsa da jin daɗi irin na ranar, ya manta.

Duk da haka, a 'yan kwanakin da suka biyo yakan ɗaga kai duk sa'ad da aka taɓa ƙofa. Yana jiran yaron ya shigo da jajayen idanu ya ce Baba ya gaya mini komai. Ya ma shirya abin da zai ce. Amma da Mai Layi ya zo, ƙorafi ya kawo: bugun nesa yana ƙi masa a babban tebur, Baba kuma ya dame shi da maganar ƙafa, har ya rasa wadda zai bi.

"Me ya ce maka game da ni?"

"Wai kai mutum ne mai baƙin ciki. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

Bahago ya gyaɗa kai. Ashe mutumin bai sake hali ba. Ɗan tausayin da ya fara tsirowa a zuciyarsa ya bushe nan take.

"Sabon tebur ne, hannunka bai saba ba. Riƙe abin da na koya maka."

Ranar gasa Bahago ya rufe shago, ya sa rigarsa mai kyau. Wasa hukuncin ya hana shi, bai hana shi kallo ba. Rabonsa da gidan tun ranar marin. An sa tayil, an ƙara fitilu, amma warin alli da ƙyallen tebur yana nan yadda ya san shi. Tsofaffi suka yi ta miƙo masa hannu. Ya sami kujera a gaba, daidai inda Manaja zai riƙa ganinsa.

Mai Layi ya ci wasan farko da na biyu da bugun kusa da dabara. A na uku ya haɗu da wani tsohon hannu, mai gyaran agogo, wanda bai daɗe ba ya gano lagonsa. Sai ya riƙa bar masa fara a can ƙarshen tebur, kowane bugu na nesa. Yaron ya tsaya, ya ga layinsa, ya sa ƙafa a gidanta, ya sunkuya, ya buga. Ƙwallo ta ci bakin rami ta dawo. Ya sake, ta sake. Aka fara gunaguni.

Manaja ya kasa daurewa. Ya miƙe daga teburin manya ya daka tsawa, "Ƙafarka! Dawo da ƙafarka ciki!"

Alƙali ya ce a yi shiru. Yaron ya dubi ubansa, ya dubi Bahago. Bahago bai motsa ba. A bugu na gaba yaron ya sa ƙafar a tsakani, ba nan ba, ba can ba, ya buga abin da ko ɗan koyo ba zai buga ba. Fara ce ma ta faɗa rami. Wani daga baya ya ce, "Manaja, a kawo kofin gida ko a bar shi a nan?" Ɗaki ya fashe da dariya.

Aka fitar da Mai Layi daga gasar. A bakin ƙofa, a gaban jama'a, Manaja ya cafki hannun ɗansa yana faɗa, yaron ya fizge.

"Kai ka rikita ni! Wata da watanni mutumin nan yana wahala da ni, ko ruwa bai taɓa sha a hannuna ba. Kai me ka taɓa koya mini? Ka kunyata ni a gaban mutane don kawai ba ka son sa!"

Manaja ya ɗaga ido ya sami Bahago a cikin taron. Bahago ya tsaya ya bar shi ya kalle shi da kyau. Ko a lokacin da sauran dama, kalma kaɗan ce. Manaja ya saki hannun yaron, ya koma ofis ya rufe ƙofa.

Da Bahago ya koma gida Yaya tana tsakar gida tana ninke wanki. Labari ya riga shi isowa.

"To, ka ƙoshi?"

"Da saura."

"Allah ya shirye ka. Ni dai yaron nake ji."

Bayan kwana biyu Mai Layi ya zo, ya rame, ya ce ya bar wasa, ya zo ne ya yi godiya. Ya kuma bar gidan ubansa, yana kwana a wurin wani abokin aikinsa. Bahago ya bar wanda yake yi wa aski da kumfa a fuska, ya ja yaron ɗakin baya. Ya sa tsumma ya goge tsohon zanen allin.

"Wancan matakin farko ne, na buɗe ƙugu. Na so a ce gasar ta ƙara wata ɗaya. Yanzu tsaya. Ga layinka? To kawo ƙafar nan."

Ya tura ta da tasa, ta hau kan layi daidai. Yaron ya sunkuya, ya buga daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ƙwallo ta shige tsakiyar rami ko baki ba ta shafa ba. Ya ɗago yana kallon sandar kamar yau ya fara ganinta.

"Kawu, ai nan ne Baba yake cewa."

"Ya faɗi daidai, a lokacin da bai dace ba. Sake."

Ƙaryar ta fita sumul, bai ko ƙifta ido ba. Sai da jikin yaron ya ɗauki watanni kafin ya saki tsohuwar tsayuwar, don a tsakiyar wasa ƙafar takan zame ta koma inda ta saba. Bahago ya yi ta fama da shi, har ya sayar da kujerar aski ɗaya ya sa aka matse ramukan teburin.

Da gasa ta zagayo Mai Layi bai shiga da sunan gidan wasan ubansa ba, da sunan shagon aski ya shiga. Ya ci kofi. Da aka ba shi abin magana ya ce duk abin da ya iya Kawu ne ya koya masa, wanda ya zame masa uba. Manaja ne aka sa ya miƙa kofin, don aikinsa ne. Ya miƙa, aka ɗauki hoto.

Yaron ya koma gaida mahaifiyarsa, amma da rana yake zuwa, sa'ad da ya san uban yana wurin aiki. Har yau bai san komai ba. Mutum uku ne suka sani, kuma babu mai faɗa a cikinsu. Yaya ta daina yi wa ƙanenta maganar, sai dai in yaron ya zo takan cika masa kwano fiye da na kowa. Manaja kuwa ciwon hawan jini ya kama shi, ya ajiye aiki kafin lokacinsa. Da aka kawo wa Bahago labarin yana tsakiyar gyara wa wani gemu. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ce wa mutumin ya ɗan ɗaga haɓa.